Zare a Hannun Deva

Ranar jajiberin bikin rakhi, babu babban yaro ko ɗaya da ya shigo makaranta da hannayensa a waje. 'Yan aji tara da 'yan aji goma duk sun cusa su cikin aljihu. Wasu sun saki hannun rigar sanyi har ya rufe yatsu, duk da cewa rana ta fito bayan ruwan asuba. Kowa ya san dalili. Gobe hutu ne, kowace yarinya za ta ɗaura wa ɗan'uwanta zare a gida. Yau kuwa a makaranta ake yi, kuma yarinyar da ta ɗaura maka zare a wuyan hannu ta zama 'yar'uwarka ke nan har abada. Ba ka tsokanarta, ba ka aika mata saƙon so, kuma wanda ya taɓa ta ko ya taɓa nata, kai ya taɓa. Shi ya sa samarin suke bin jikin bango.

Yamini Rawat 'yar aji tara ta zo da zare ɗaya tak, ja da ruwan ɗorawa, a aljihun siket ɗinta. Mutum ɗaya ta nufa da shi: Devendra Bisht, wanda kowa ke kira Deva, kyaftin ɗin wasan kabaddi na makarantar.

Ba don tana son sa ba ne. Ƙaninta Chirag yana aji shida, kuma yana da in'ina. Tun farkon zango Deva ya laƙaba masa suna Tsohon Babur. In yaron ya buɗe baki maganar ta sarƙe, sai Deva ya ce, "Ya ƙi tashi, a tura shi!" Nan take abokansa za su zagaya bayan Chirag su riƙa tura shi suna kwaikwayon ƙarar inji. Yamini ta kai ƙara wurin Malama Uniyal, mataimakiyar shugaban makaranta. Malama ta sa Deva kamun kunne a gaban taron safe. Daga ranar aka daina turawa a cikin makaranta, aka koma yi a gangaren da ke sauka cikin gari, inda babu malami. A can Chirag ya faɗi ya fasa haɓa. Bayan nan ya fara ratsewa bakin rafi da safe, ya zauna har a tashi.

Da Baba ya gano, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi idan yaro ba ya son karatu, bayan hutun nan zai kai shi garin Haldwani wurin kawunsu ya koyi facin taya. Chirag ya ce ya fi masa. Yamini ce ta roƙe shi ya zo makaranta, ko da na yau kawai.

"Ya-yaya, in Deva ya karya ni fa?" in ji Chirag a kan hanya.

"Sai in ɗauke ka a baya. Ka dai tuna abin da Godavari ta koya maka. Kada ka kalli fuskarsa, ƙafarsa za ka kalla."

"In ya tu-ture ni?"

"Ai ya saba ture ka. Yau kai ma ka taɓa shi mana."

Godavari aminiyar Yamini ce, kuma ita ke jan ƙungiyar kabaddi ta 'yan mata. Duk makon nan, lokacin cin abincin rana, tana tara yaran aji shida a bayan kicin tana koya musu abu ɗaya: yadda ƙaramin mutum ke kama idon sawun babba ya ƙi saki. Babu ɗaya cikinsu da Deva bai taɓa ƙwace masa abinci ko ya ranƙwashe shi ba, don haka ba su yi wuyar tarawa ba. Chirag kuwa a gida ta koya masa, da yamma, a kan ƙafar Yamini.

Ana gama taron safe Malama Uniyal ta ce a fara, sai fili ya kacame. Ƙananan yara suka yi layi, ana ɗaura musu zare ana ɗiga musu jan gari a goshi, suna buɗe baki a sa musu dunƙulen alewar laddu. Manya kuwa suka watse. Wani ya shige banɗaki ya kulle. Wani ya haye tankin ruwa, 'yan mata suka kewaye shi a ƙasa suna kaɗa masa zare.

"Sauko, Yaya, rana za ta dafa ka!"

"Wace ce ƙanwata? Ina da uku a gida, sun ishe ni!"

"Ƙara ɗaya, ba za ka mutu ba!"

Wani ɗan aji tara ya zo wucewa a guje, igiyar takalminsa ta harɗe shi, kafin ya miƙe an ɗaura masa huɗu. Ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa, makaranta na ta shewa.

Deva bai gudu ba. Yana zaune a kan katanga kusa da filin kabaddi, hannaye a aljihu, abokinsa Pankaj a gefensa. Su biyar ne a gidan su Deva, duk maza, kuma kowace shekara yana alfaharin cewa babu zaren da ya taɓa hawa hannunsa. 'Yan mata ba sa kusantar sa. Yamini ta nufe shi kai tsaye, Godavari na biye, yaran aji shida a bayansu.

"Kauce, ga lauyar Tsohon Babur," in ji Pankaj.

"Kyaftin, lafiya hannu a aljihu?" Yamini ta ce. "Sanyi kake ji?"

"Ke nake tsoro. Kada ki kai ni ƙara."

"Ba ni ce ke nemanka ba. Yaran nan ne suke musu. Sun ce wai ba ka iya shiga cikinsu sau biyu ka fita."

Deva ya leƙa bayanta ya ga yaran, ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa. "Waɗannan 'yan tsakin? In na yi atishawa sai an nemo su a rafi."

"Haka na gaya musu. Godavari ce ta ce ƙarfin naka a gangare yake, inda ake turo mutum ta baya. Wai gaba da gaba ba ta taɓa gani ba."

"Ni ban ce wai ba," in ji Godavari. "Na faɗa ne sarai."

Waɗanda ke kusa suka yi "Uuu!" Labari ya zaga fili nan da nan. Wanda ke kan tanki ya sauko da kansa. Deva ya dubi taron da ke haɗuwa, ya dubi Pankaj, ya diro daga katanga.

"Ku ja layi."

Malama Uniyal ta iso da usur a wuya. Ta saurari abin da ake ciki, ta dubi yaran aji shida ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan tabon haɓar Chirag. Sannan ta dubi aljihun Yamini, inda bakin jan zare ya ɗan leƙo. Ta ɗauke kai.

"Shiga biyu," ta ce. "Ni ce alƙali. Wanda ya ji wa wani ciwo, ni da shi."

Deva ya cire takalmi, ya cire rigar sanyi. Sannan, abin da Yamini ta yi mako tana jira, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ba a shiga kabaddi da hannu a aljihu. Dokar ita ce ka tsallaka ɓangaren abokan karawa kana faɗin "kabaddi" da numfashi ɗaya, duk wanda ka taɓa ya fita, in kuma suka riƙe ka har numfashin ya yanke kafin ka komo layi, kai ka fita.

Yara bakwai suka jeru a ɓangarensu, bibbiyu riƙe da hannun juna, Chirag shi kaɗai a kusurwar hagu. Ƙasa ta yi laushi da ruwan asuba. Yamini ta tsaya a bakin layin tsakiya, ta ɓangaren Deva inda babu kowa. Ta sa hannu a aljihu ta riƙe zaren.

Usur ya tashi. Deva ya taɓa ƙasa, ya taɓa goshi, ya ja numfashi ya tsallaka.

"Kabaddi, kabaddi, kabaddi..."

Ya yi dama, yara suka ja baya. Ya yi hagu, suka sake ja. Sai ya juya kamar zai koma, ya wurga ƙafa ta baya ya taɓa gwiwar ɗaya, ya kai hannu ya shafi kan wani, ya daka tsalle ya tsallake layi. Numfashinsa ko rabi bai ƙare ba. 'Yan aji goma suka ɗauki ihu. Yara biyu suka fita fili kansu a ƙasa.

"Saura biyar!" Pankaj ya yi kururuwa. "Kyaftin, ka bar mana Babur, mu tura shi gida!"

Godavari ta durƙusa a gefen fili tana buga ƙasa. "Kun ja baya da yawa, sakarkaru! Ku bar shi ya shigo ciki! Ƙafa, na ce muku, ƙafa!"

Yamini ta dubi ƙaninta. Ya ɗan sunkuya a kusurwarsa. Idonsa ba ya kan fuskar Deva. Ta lura kuma cewa Deva shi yake kallo, yana murmushi.

Usur na biyu.

"Kabaddi, kabaddi, kabaddi..."

Wannan karon Deva bai yi wasa da sauran ba. Kusurwar hagu ya nufa, a hankali, yana rangaji, don kowa ya ga wanda zai taɓa. Ya san Chirag. Yaron da ake turawa ba ya tsayawa. Ya shige ciki sosai, fiye da yadda kowane kyaftin zai yarda ɗan wasansa ya shiga, ya miƙa ƙafar dama don ya taɓa yatsun yaron.

Chirag ya faɗa kan ƙafar da hannu biyu.

Ya rungume idon sawun a ƙirjinsa, ya mirgina, kamar yadda ya yi wa ƙafar Yamini sau da yawa a tsakar gida. Deva ya fizga. Chirag ya biyo ƙafar cikin taɓo bai saki ba. Ya sake fizga, ƙafar hagu ta zame, ya zo ƙasa da ciki.

"Yanzu!" Godavari ta ƙwalla.

Sauran huɗun suka auka masa. Ɗaya a cinya, biyu a baya, ɗaya ya riƙe ƙugu. Fili ya ɗauki ƙara har ba a jin kowa. 'Yan mata na tsalle, ƙananan yara sun karya layi sun cika gefen fili. Deva bai daina ba. Yana faɗin "kabaddi, kabaddi" cikin haƙora, yana jan jiki da gwiwar hannu, yana jan yara biyar tare da shi. In ya taɓa layi da ko yatsa ɗaya, duk sun fita. Ya matso. Ya ƙara matsowa. Ya miƙa hannun dama iyakar tsawonsa, yatsu a buɗe, saura kamu ɗaya.

"Riƙe, Chirag! Riƙe!" Yamini ba ta san ita ke ihun ba.

"Kabad..." Numfashin ya yanke. Deva ya shaƙi iska da ƙarfi, kowa ya ji.

Malama Uniyal ta busa usur ta ɗaga hannu. "Ya fita!"

Hannun yana nan a miƙe a kan ƙasa, tsirara har gwiwa. Yamini ta durƙusa, ta zagaya zaren a wuyan hannun ta yi ƙulli ɗaya. Sannan ta janye hannayenta.

"Ku sake shi," ta ce wa yaran.

Suka sauka. Sai da Godavari ta ɓamɓare yatsun Chirag ɗaya bayan ɗaya. Deva ya tashi zaune, taɓo har gira, yana haki. Sai a lokacin ya ga abin da ke hannunsa. Ihun ya fara mutuwa daga gaba zuwa baya.

"Wannan cuta ce," in ji shi.

"Wasan ba cuta, Malama ce alƙali," Yamini ta ce. "Zaren kuma ƙulli ɗaya ne. In ka kaɗa hannu zai faɗi. Na biyun sai ka ba ni hannun da kanka."

"Kaɗa shi, Kyaftin!" in ji Pankaj. Babu wanda ya mara masa baya.

Yamini ta san abin da Deva ke aunawa, don ita ma ta auna shi kafin ta sayi zaren. A garin nan ba a taɓa jin namijin da ya yar da zaren rakhi a ƙasa ba. Kafin ya isa gida uwarsa ta ji, kafin dare kakarsa ta ji. Amma kuma Deva ne, wanda aka kayar yanzu a gaban makaranta duka, kuma mutum a irin wannan hali yana iya yin komai. Idan ya kaɗa hannun, ba ta da wata dabara. Ranar Litinin Chirag yana cikin motar Haldwani.

Deva ya juya hannun yana kallon zaren. Ya goge taɓon da ya shafi gefensa da babban yatsa. Ya daɗe yana gogewa, fiye da yadda taɓon ke buƙata.

"Ja ne kawai suke da shi a kanti?" ya ce.

"Shi ya rage."

Ya miƙo hannun.

Ta yi ƙulli na biyu, ta ja da kyau. Godavari ta miƙo faranti. Yamini ta ɗiga masa jan gari a goshi a kan taɓon, ta ɗauki laddu ta cusa masa a baki gaba ɗaya. Fili ya sake fashewa. Wani ya ɗauko gangar taron safe ya fara dukanta ba tsari. Yaran aji shida suka ɗaga Chirag sama, suka kasa riƙe shi, suka zube tare.

"Kyauta! Kyauta!" 'yan mata suka fara rerawa, don ɗan'uwa ba ya karɓar zare ya tashi haka nan.

Deva ya haɗiye laddu da ƙyar. Ya zazzage aljihunsa duka biyu a waje. "Ga shi, tun safe hannuna ne kawai a ciki. Me kike so?"

"Ni ba na son komai. Ƙanina ka tambaya. Ƙaninka ne yanzu."

Aka turo Chirag gaba, ba ta baya ba, Godavari ce ta kamo hannunsa. Ya tsaya gaban Deva, rigarsa ba a gane launinta. Ya buɗe baki.

"Ka... ka... ka-ka..."

Daga cikin taron, a hankali, Pankaj ya fara ƙarar inji.

Deva bai tashi ba. Juyawa kawai ya yi, ya ɗaga hannun mai zare ya nuna shi da yatsa. "Pankaj, in ka ƙara, kai zan tura har rafi. Yana magana."

Ƙarar ta tsaya. Makaranta duka ta jira. Jiran ya yi tsawo, Yamini ta ciji leɓe don kada ta ƙarasa masa maganar kamar yadda ta saba a gida.

"Ka ki-kira ni da sunana," in ji Chirag.

"Shi ke nan?"

Yaron ya gyaɗa kai.

"To, Chirag." Deva ya shafa idon sawunsa, inda shatin yatsu ya fito. "Wa ya koya maka wannan riƙon? Ka kusa cire mini ƙafa."

"Go-Godavari."

"Kyaftin ya sha kaye a hannun ɗalibin mata!" wata ta yi ihu daga baya, aka kwashe da dariya. Deva ya buɗe baki zai rama, ya dubi hannunsa, ya fasa.

Malama Uniyal ta bari dariyar ta lafa sannan ta busa usur. Ta yi magana da muryar da take karanta sanarwa.

"Zare ya yi kyau. Amma zare bai ɗinke haɓar yaron nan ba. Devendra, ranar Litinin ka zo mini da mahaifinka. Kai ma Pankaj. Duk wanda ya taɓa sa hannu a turawar nan ya san kansa, ya zo da ƙafarsa kafin in aika. Kuma daga Litinin, kullum malami ɗaya zai riƙa sauka gangare tare da ku. Ni zan fara." Ta juya ga Yamini. "Ke kuma, da aka koma yi a waje, me ya hana ki dawo ki gaya mini?"

"Malama, da na kawo ƙarar farko, abin ƙaruwa ya yi."

Malama ta sauke usur ɗin. "Haka ne," ta ce. "Ki zo ke ma ranar Litinin. Ina son jin yadda aka yi daga farko."

Da aka tashi, suka gangara tare, don hanya ɗaya ce. Deva na gaba yana ɗingishi kaɗan, takalmi a hannu. Yaran aji shida sun kewaye shi suna gardamar wanda ya riƙe ina. A wurin da Chirag ya faɗi kwanakin baya, Deva ya rage tafiya, sannan ya wuce.

Godavari ta zunguri Yamini. "Kin san dai kin jawo wa kanki. Duk shekara sai kin nemo shi kin ɗaura masa, ko yana ina. Ranar aurenki shi zai tsaya cikin 'yan'uwa."

"Na sani."

"Kuma Yaya za ki riƙa ce masa."

"Na ce na sani!"

A mararraba Deva ya tsaya. "Gobe zan zo in gaishe da Baba," ya ce, ba tare da ya kalli Yamini ba. "Haka ake yi, ko? Ni ban taɓa yi ba."

"Haka ake yi." Ta dubi zaren da ke hannunsa. "Sai ka zo, Yaya."

Godavari ta toshe baki da gyale. Deva ya yi hanyar gidansu, hannun rigarsa har yanzu a naɗe.

Suka rage su biyu. Chirag na tafe yana ɓanɓare busasshen taɓo daga gaban rigarsa, yana duba inda maɓalli ya tsinke.

"Yaya, ki wa-wanke mini rigar nan yau."

"Don me? Gobe hutu."

"Kada ta ƙi bushewa kafin Litinin. Da ita zan je ma-makaranta."

Yamini ta ci gaba da tafiya, idonta a kan hanya.

"Wanke abinka," ta ce. "Na ga kana da ƙarfin hannu."